Yadda bakin ruwa ya dawo hannun mutanen gari

Wanda duk ya ga yadda manyan birane suka ƙawata bakin ruwansu yanzu, ga bishiyoyi ga kujeru ga yara suna tsere da keke, zai ɗauka tun asali haka abin yake. Ina! Shekara ɗari baya bakin ruwa wurin neman abinci ne kawai, jiragen ruwa da sito-sito da 'yan dako da layin dogo, masana'antu kuma suna ta juye dagwalonsu a kogi, sai a haifi mutum a gari har ya tsufa bai taɓa zama ya kalli ruwan garinsu ba saboda katanga ta tare ko'ina.

Shikago ta Amurka ce ta farga da wuri. Tun 1836 aka rubuta a taswirar garin cewa filin bakin tafki na jama'a ne, ba za a yi gini a kai ba har abada, kuma da hukuma ta fara cin filin wani ɗan kasuwa Montgomery Ward ya maka ta a kotu a 1890, ya yi kusan shekara 20 yana shari'a da kuɗin aljihunsa ana zaginsa wai yana hana gari ci gaba. Yau filin nan shi ne abin alfaharin garin.

Amma abin da ya sauya lissafi a duniya wallahi ba wanda zai kawo shi a ransa, kwantena ce. A watan Afrilun 1956 wani ɗan kasuwa Malcom McLean ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa ɗaya daga Newark zuwa Houston a Amurka, daga nan harkar dakon kaya ta juya, don jiragen kwantena suna son ruwa mai zurfi da makeken fili, tsofaffin tashoshin tsakiyar gari kuwa ba su da ko ɗaya. Sai tashoshi suka ƙaura bayan gari, 'yan dako dubbai suka rasa aiki, abin da ba a cika faɗa ba kenan in ana ba da labarin nan. A Landan zuwa 1981 an rufe na ƙarshe cikin tsofaffin tashoshin, aka bar kangaye da ƙarafa masu tsatsa, ciyawa tana tsirowa a tsagin siminti.

To me za a yi da wannan fili? Baltimore ta Amurka ta gyara tsohuwar tasharta ta buɗe kasuwa da wurin yawo a 1980, birane suka yi ta kwaikwayo. Basalona ta Sifaniya ta fake da wasannin Olamfik na 1992 ta kwashe layin dogo da tsofaffin masana'antu ta buɗe wa mutane gaɓar teku. A Cape Town wani tsohon rumbun hatsi ne aka fafe cikinsa aka mai da shi gidan baje kolin zane-zanen Afirka na zamani a 2017.

Wanda ya fi burge ni dai shi ne na Seoul a Koriya ta Kudu. Akwai wani rafi Cheonggyecheon da ya ratsa tsakiyar gari, ya lalace da ƙazanta har aka rufe shi da siminti tun daga 1958, aka zo aka ɗora masa gadar sama motoci suna wucewa dare da rana. A 2003 magajin gari Lee Myung-bak ya sa aka rushe gadar, mutane suna ta ihu go-sulo zai kashe garin, a 2005 aka buɗe kusan kilomita 6 na rafin da aka gyara, yanzu da azahar sai ka ga ma'aikaci ya tuɓe takalmi ya naɗe ƙafar wando ya tsoma ƙafa a ruwa, ga motoci can sama ko ƙararsu ba ta cika isowa. Ruwan fa da injin ake turo shi, yawanci daga kogin Han, kuma masu suka suna da gaskiya da suke cewa kuɗin na da yawa.

Inda abin yake ci min rai shi ne maganar wa aka gyara wa. A Seoul ɗin masu tebur da 'yan tireda na gefen hanya aka kwashe. A Ahmedabad ta Indiya da aka gyara bakin kogin Sabarmati dubban iyalai talakawa aka tayar, da yawa aka kai su can nesa da inda suke samun na abinci. Wani wurin kuma ba a kori kowa ba amma kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, ko ka tarar ba inuwar da za ka zauna sai ka sayi wani abu, ga mai gadi yana bin ka da ido. In dai mai sharan wurin ba zai iya kawo 'ya'yansa ranar hutu su zauna kyauta ba, ni ban yarda a kira shi filin jama'a ba.

Yanzu kuma ga ambaliya, tun bayan guguwar Sandy ta 2012 New York take ɗaga wasu lambunan bakin ruwanta sama don su zama kariya ga unguwannin da ke bayansu. Paris ta hana motoci bin titin gefen kogin Seine a 2016 bayan doguwar rigima, a watan Yulin 2025 kuma ta bar mutane suka shiga wanka a kogin, abin da aka haramta tun 1923.