Shiga biron kulob ɗin kwamfuta na unguwa: tambayoyi da amsoshi daga Damagaram

Ranar babban taron shekara ɗaki yakan cika, har wasu su tsaya bakin taga. Ana shan shayi, ana yabon yaran da suka iya buga takarda. Da an ce "to, yanzu sai zaɓen sabon biro", sai kowa ya sunkuyar da kai kan salularsa. Biro dai shi ne kwamitin shugabannin da ke tafiyar da ƙungiya. Shekara uku na yi ina sakataren wani ƙaramin kulob na koyon kwamfuta a nan Damagaram, kuma tambayoyin nan su ne waɗanda mutane suka fi tare ni da su bayan an watse, a bakin ƙofa ko a fada da dare.

Malam, ni ban ƙware a kwamfuta ba. Ina ni ina shugabanci?

Wannan ita ce tambayar farko a bakin kusan kowa, kuma a kan kuskure aka gina ta. Mai koyarwa daban, biro daban. Mai koyarwa shi ne ya san inda za a latsa. Biro kuwa shi ne mai tabbatar da cewa an buɗe ƙofa ƙarfe huɗu, an biya kuɗin wuta, mai ɗaki bai zo da kwaɗo ba. Wanda ya fi kowa amfani a bironmu wata malamar firamare ce mai ritaya, da yatsa biyu take buga rubutu. Amma ita ce ta san uban kowane yaro, kuma in ta je gida neman a bar yarinya ta zo darasin yamma, ba a mayar da ita hannu wofi.

Na ma lura gwanayen na'ura sukan yi wahalar riƙe kujera. Ana tsakiyar maganar kuɗin haya, sai ka waiga ka tarar shugaba ya kwance bayan wata kwamfuta yana hura mata ƙura.

Waɗanne kujeru ne, kuma wacce ta fi nauyi?

Galibin ƙungiyoyinmu tsari ɗaya suke bi: shugaba da mataimakinsa, sakatare, ma'aji, sai mai binciken kuɗi ɗaya ko biyu, waɗanda ya kamata a zaɓo daga wajen biro don kada mutum ya binciki kansa. Kulob ɗin kwamfuta yana buƙatar ƙarin mutum guda, mai kula da kayan aiki.

Kujerar shugaba ake rububi, in ma ana rububin. Amma nauyin yana kan ma'aji da sakatare. Sakatare shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. In bai rubuta abin da aka yanke ba, bayan wata biyu za ka ji mutum uku suna rantsuwa a kan magana uku daban-daban, kuma duk cikinsu babu maƙaryaci, kowa abin da kunnensa ya so ya ɗauka. Ma'aji kuwa shi ne wanda ake gaisarwa da fara'a ranar da aka zaɓe shi, a yi masa kallon gefen ido ranar da firinta ta lalace aka ce babu kuɗin gyara.

Ina tsoron kuɗin jama'a. In aka ce na ci fa?

Tsoron nan alheri ne, mai shi muke nema. Sai dai tsoro kaɗai ba ya wanke mutum, takarda ce ke wankewa.

Ga yadda abin yake a ƙasa. A ce mambobi 40 ne, kowa na ba da dala 100 a wata, wato sefa 500. Jaka 20 ke nan in kowa ya biya, kuma ba a taɓa yin watan da kowa ya biya ba. Daga ciki za a sayi intanet, a biya wuta, a sayi takarda da tawada. Kuɗin ba shi da yawa, amma irinsa ne ke raba abokai, domin babu wanda ke ganin ya kai a rubuta shi. Wani zai miƙo maka dala 100 a ƙofar masallaci bayan magariba, ka jefa a aljihun gaba, ka biya mai kabu-kabu da ita ba tare da ka lura ba. Ba ka yi sata ba, amma lissafi ya tashi da giɓi.

Abin da ya cece mu littafi ne guda mai bango mai kauri, irin na ƴan makaranta, an ja layi an raba shafi biyu: abin da ya shigo, abin da ya fita. Ba a karɓar kuɗi sai a ɗakin kulob, mai biya ya sa hannu. Wanda ke nesa ya turo ta Nita ko Amana, saƙon shaida ya zauna a waya, a kwafe shi cikin littafi ranar. Ba a fitar da abin da ya wuce jaka 5 sai da hannu biyu, na shugaba da na ma'aji. Ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin a sa a zauren WhatsApp na mambobi. Wani zai ce kulob ɗin kwamfuta ne, me ya sa ba a Excel ba? A yi duka biyun. Amma kwamfutar da muka ajiye lissafin shekarar farko a cikinta ta mutu wata bazara, littafin kuwa yana nan cikin kwaba, da tabon shayi a bangonsa.

Akwai ruwan hukuma a ciki?

Akwai, in kuna son ku wuce matsayin fada. Ƙungiyoyi a Nijar suna ƙarƙashin doka mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, wadda aka yi wa gyara a 1991. Ana rubuta tsarin mulkin ƙungiya da dokokinta na cikin gida, a haɗa da rahoton taron kafawa da sunayen ƴan biro, a kai wa hukumar yankin da mazaunin ƙungiyar yake, izinin aiki kuma daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Ma'anar wannan ga mai shiga biro ita ce sunanka zai shiga takardar hukuma, kuma in an sauya shugabanni sai an sanar. Don haka kafin ka ɗaga hannu, nemi tsarin mulkin ka karanta, ko da an rubuta shi da Faransanci ne sai ka sa wani ya fassara maka. Ba tare da takardar nan ba, buɗe asusu da sunan kulob ko karɓar kyautar kaya daga wata ƙungiya yakan zama aiki ja.

Awa nawa zai ci mini a mako?

Wanda ya ce maka "ai taro ɗaya ne a wata" yana lallashinka ne. Taron gaskiya ne, amma tsakanin taro da taro akwai kiran waya, akwai wanda ya manta makulli, akwai uban da ya zo jin dalilin da ɗansa ya kai dare. Ka ware yamma biyu a mako. Lokacin azumi da damina aiki yakan lafa, lokacin hutun makaranta kuma ɗaki ba ya ɗaukar mutane.

Wace irin shawara biro ke yankewa, ban da maganar kuɗi?

A nan daɗin aikin yake, kuma a nan ake gane cewa garin da kake zaune shi ke tsara maka matsala.

Ɗauki allon rubutu. Makarantu da ofisoshinmu da tsarin jera haruffa na Faransa, wato AZERTY, suke aiki, amma kwamfutocin hannu na biyu da ake hawowa da su daga Kano QWERTY ne. Yaro ya koyi yatsunsa a kan ɗaya, ya je gwajin neman aiki ya tarar da ɗayan, harafin A ya koma wani wuri. Biro ne zai yanke ko a daidaita duka injinan a kan tsari ɗaya, ko a bar biyu da gangan don yara su saba. Mu mun bar biyu, bayan gardamar da ta cinye taro guda cur.

Ga kuma Windows 10, wadda kamfanin Microsoft ya daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba 2025. Tsofaffin injinan da ake ba kulob kyauta da yawansu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ko dai a ci gaba da tsohuwar a haka, ko a koma Linux Mint a madadin Windows da LibreOffice a madadin Word da Excel, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi. Gwanaye za su ce Linux kai tsaye. Iyaye kuwa Word da Excel suka sani, su suke so a rubuta a takardar shaidar ɗansu. Ɗan biro nagari shi ne mai jin ɓangarorin biyu kafin a kaɗa ƙuri'a.

Sai Hausa. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa, masu tambayar yadda ake buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun ƙaru a ɗakinmu. Ware awa guda a mako don wannan shawara ce ta biro, ba ta na'ura ba.

Wuta da ƙura kuwa ba sai na faɗa wa ɗan Damagaram ba. Ko za a tara kuɗin sola da batir, ko za a mayar da darasi safiya a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko wa zai ɗinka rigunan yadi da za a lulluɓe injina da hunturu, duk a teburin biro suke ƙarewa.

Ni mace ce. Za a saurare ni?

Hajiya, ba zan yi miki alkawarin kowa zai saurara ranar farko ba. Amma kulob ɗin da babu mace a bironsa yakan sa darasi bayan magariba, sannan ya zauna yana mamakin rashin zuwan ƴan mata. Ki shiga, kuma kada ki yarda a ƙirƙiro miki kujerar "harkokin mata" a ajiye ki can gefe alhali kina iya riƙe littafin kuɗi. In da hali ku shiga ku biyu.

Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, dattawa ba za su ga na yi rashin kunya ba?

Ya danganta da yadda ka shigo. Kada ranar zaɓe ta zama ranar da aka fara jin muryarka. Ka yi wata uku kana zuwa da wuri, kana jera kujeru, kana taya sakatare rubuta sunaye. Sannan ka je gida ka gaida shugaba mai barin gado, ka ce, "Baba, ina sha'awar taimakawa, a ina kake ganin zan fi amfani?" Sau da yawa shi da kansa zai ambaci sunanka a taro. Ka kuma faɗi gaskiya game da jarrabawa da hutun da za ka tafi gida, don a ba ka mataimaki mazaunin gari.

In na gaji fa, ko na ga ba zan iya ba?

Ka sauka, amma ta ƙofa. Abin da ke kashe kulob shi ne ɗan biron da ya daina zuwa shiru, da makulli a aljihunsa da kalmar sirrin imel ɗin ƙungiya a kansa. Mun taɓa rasa shafinmu na Facebook haka, wanda ya buɗe shi ya tafi Agadas neman kuɗi, lambarsa ta daina shiga. Tun daga ranar kowace kalmar sirri ana rubuta ta a sa a ambulan, ambulan ɗin yana wurin mutum biyu. Wa'adi kuma shekara biyu muka sa, sau biyu iyaka, ko da ana roƙon mutum ya zarce. Ni da na sauka, wata biyu na yi ina zama kusa da sabon sakatare a taro, shi ke rubutu, ni kuma in ya ɗago kai in nuna masa shafin da aka tsaya.