Bitar ɗalibai da tabaron VR a kimiyyar halittu

Wannan hanya ce ta taimakon karatu a jami'a, inda ɗalibin da ya riga ya ci wani kwas yake jan ragamar ƙannensa a zaman bita, suna amfani da tabaron VR, na'urar da ake ɗaurawa a ido mutum ya ga abu kamar yana gabansa, ya juya shi, ya leƙa cikinsa. Jagoran ba ya yin lacca, ba ya ba da maki. Tambaya yake jefawa, ya bar 'yan zaman su fafata.

Deanna Martin ce ta fara tsara irin wannan bita a Jami'ar Missouri da ke Kansas City, Amurka, a 1973, saboda kwasa-kwasan da ake yawan faɗuwa. Ga Bahaushe kuwa ba baƙon abu ba ne: haka gardi yake biya wa ƙolo allo a tsangaya, haka mu'idi yake maimaita darasin shehi a madarasun da. Tabaron ne sabo, ya yaɗu bayan fitowar Oculus Rift a 2016 da Quest 2 a 2020.

Amfaninsa ya fi fitowa a darasin siffar sunadarai. A ɗauki sikila, cutar da ta yi yawa a Lardin Gabas da Jazan na ƙasar Saudiyya, wadda tun 2004 ƙasar ta wajabta gwajinta kafin aure. Himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jar ƙwayar jini, yana da sarƙoƙi huɗu, alfa biyu, beta biyu. A jikin mai sikila, a gurbi na 6 na sarƙar beta, wani tubalin ginin sarƙar mai suna balin ya maye gurbin wani mai suna gulutamik asid. A kan allo layi ɗaya ne da ake haddacewa. Cikin manhaja irin Nanome kuwa, ɗalibi zai sa yatsa a daidai wurin, ya ga yadda ƙwayoyin himogulobin ɗin ke mannewa su zama zare idan iskar oksijin ta ragu, abin da ke sa jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje.

Ga ɗan Hausawan Jidda ko Makka da ke sauraron lacca da Turanci, a nan ne yake samun damar cewa, “Yaya, sake juya min shi,” a yi masa bayani da Larabci ko Hausa ba tare da jin nauyin malami ba. Wannan sakewar ta fi na'urar kanta muhimmanci.

Wasu kan ji jiri ko tashin zuciya, shi ya sa ake taƙaita zaman. Idan tabaron bai wadata ba, ɗaya ya sa, sauran su bi shi ta allon kwamfuta. Riƙe madubin duba ƙwayoyin halitta da yanka nama kuwa, har yanzu a ɗakin gwaji ake koyonsu.