Kuɗin zawarcin 'yan wasa a jami'o'in Amurka: me suke saye?

Wace ƙwallo ake nufi?

Ba tamaula ba. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake runguma a ruga da ita, kowa da hular kwano.

Kuɗin zawarci albashin 'yan wasa ne?

A'a. Kuɗin jirgi ne da otal da abinci, da zirga-zirgar kociyoyi zuwa makarantun sakandare. In jami'a ta gayyaci yaro ziyara a hukumance, ita ke ɗaukar nauyinsa da na iyayensa na dare biyu.

Mene ne taurarin da ake ta magana?

Makin da kamfanoni irin su 247Sports da Rivals ke ba 'yan wasan sakandare gwargwadon ƙwarewarsu. Biyar ne ƙololuwa, kuma masu samunsu ba su fi talatin da 'yan kai ba a shekara.

To, in jami'a ta ninka kasafinta, za ta kwashi zaratan?

A nan nake so ku nutsu. Galibi masu kashewa da yawa su ke samun masu taurari huɗu da biyar. Jami'ar Georgia ta kashe kusan dala miliyan 4.5 a shekarar kuɗi ta 2022, kocinta Kirby Smart har jirgi mai saukar ungulu yake hawa zuwa kallon yara, kuma ta ɗauki kofin ƙasa a kakar 2021 da ta 2022. Amma wanne ya jawo wanne? Mai cin kofi ke samun kuɗin kashewa, kuma shi yara ke rububin zuwa wajensa tun kafin ya aika musu tikiti.

Ga kuma nisa. Jami'ar da ke Texas ko Florida tana da 'yan wasa a ƙofar gida. Ta Oregon ko Nebraska sai ta tsallaka jihohi, don haka wani ɓangare na kasafinta hanya ce ta cinye, ba wai ta fi kowa himma ba.

Ko an samo yaran ma, da sauran rina a kaba. Jami'ar Texas A&M ce ta zo ta ɗaya a zawarcin 2022, ta ƙare kakar da nasara 5, rashin nasara 7. A Nuwamban 2023 ta sallami koci Jimbo Fisher, da biyan diyyar sama da dala miliyan 75. A ganina kuɗi na kai koci falon iyayen yaro, amma horarwa da riƙe yaron wani aiki ne daban, musamman tunda sauya sheƙa ta yi sauƙi daga 2021.

Kuɗin NIL fa?

Don Allah ku daina cakuɗa shi da kuɗin zawarci. Daga Yulin 2021 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ƙyale ɗan wasa ya ci gajiyar sunansa da hotonsa, abin da ake kira NIL ke nan. A 2025 kuma aka yarje wa jami'o'i su raba wa 'yan wasansu har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan aljihun ɗan wasa yake shiga, ba ya cikin kasafin zawarci.

Yaron da babu mai zawarcinsa shi ke nan?

Ku kwantar da hankalinku. Stetson Bennett, wanda ya jagoranci Georgia a kofunan nan biyu, da farko ya shiga ƙungiyar ne ba tare da tallafin karatu ba.