World Series ba gasar ƙasashen duniya ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa World Series gasar ƙasashe ce a wasan besbol, kamar Kofin Duniya na ƙwallon ƙafa. Ba laifin mai wannan zato ba ne, sunan ne ke ruɗarwa.

Gaskiyar magana, karawa ce tsakanin zakarun rukunoni biyu na ƙungiyoyin Arewacin Amurka, American League da National League. An fara ta a 1903, inda ƙungiyar Boston ta doke ta Pittsburgh da wasa 5 da 3. Tun daga lokacin, sau biyu kacal kofin ya tsallaka iyakar Amurka, lokacin da Toronto ta Kanada ta ɗauke shi a 1992 da 1993. Japan kuwa, duk da ƙaunarta ga wasan, tana da nata kofin daban tun 1950.

Kalmar "duniya" gadon shekarun 1880 ce, lokacin da ake yi wa irin wannan karawa kirari da gasar zakarun duniya.

Mai son tabbatarwa ya duba jerin waɗanda suka lashe kofin shekara bayan shekara. Zai ga New York, St. Louis, Boston, ba sunan ƙasa ko ɗaya. Don Allah a tura wa 'yan uwa masu bibiyar wasanni.