WrestleMania X-Seven: ingancin wasannin taron 2001

WrestleMania X-Seven shi ne karo na 17 na babban taron kokawar zamani da kamfanin WWF na Amurka ke shiryawa duk shekara, kamfanin da ya koma WWE a 2002. An yi shi ranar Lahadi, 1 ga Afrilu 2001, a filin Astrodome da ke birnin Houston na jihar Texas, a gaban 'yan kallo 67,925. Wasa goma sha ɗaya aka nuna kai tsaye a daren, ban da guda ɗaya na share fage. Masana harkar da dama suna sa shi a sahun gaba idan ana lissafin tarukan kokawa mafi inganci, kuma mujallar Wrestling Observer Newsletter ta ba shi kyautar taron da ya fi kowanne a 2001. Ba wai duk wasannin ne suka yi kyau ba. Abin da ya ɗaga taron shi ne manyan wasanni huɗu ko biyar da babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa, sannan marasa armashin ba a bar su sun ɗau lokaci ba.

Yadda ake auna wasa

A kokawar gargajiya irin ta neman takobi a Nijar, da zarar gwiwa ko baya ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, kuma babu wanda ya san mai nasara kafin a kama. Kokawar WWF ba haka take ba. Kamfani ne ke tsara wanda zai ci tun kafin a hau dandali, 'yan wasan kuma su tsara yadda za a kai ga wannan sakamako. Faɗuwar da ciwon dai na gaske ne. Saboda haka mai sharhi ba ya tambayar wa ya fi ƙarfi, abin da yake dubawa shi ne ko labarin da aka gina ya fito a cikin wasan, ko kamu da jifa sun tafi babu tangarɗa, ko an san lokacin sassautawa da lokacin zafafawa, da kuma yadda 'yan kallo suka amsa. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne taurarin da ɗan jarida Dave Meltzer ke bayarwa a mujallar da aka ambata, inda a wancan zamani tauraro biyar ne ake ɗauka a matsayin ƙololuwa. Ra'ayin mutum ɗaya ne, amma shi ne aka fi adanawa.

Lokacin da taron ya faɗo

A ƙarshen Maris 2001 WWF ta sayi babbar kishiyarta WCW, wadda suka shafe shekaru suna gasar jan 'yan kallo a talabijin kowane daren Litinin. Shirin WCW na ƙarshe ya fita ranar 26 ga Maris, kwana shida kafin taron. Kamfani na uku, ECW, shi ma ya riga ya durƙushe, har mai shi Paul Heyman ya dawo teburin sharhi na WWF kusa da Jim Ross. Don haka 'yan wasan da suka taru a Houston sun fito ne daga makarantu daban-daban. Tun 1992 kuma ba a sake kai WrestleMania rufaffen fili mai girma irin wannan ba.

Wasannin farko

Chris Jericho da William Regal ne suka buɗe dare da wasan kambun Intercontinental na kimanin minti bakwai. Regal ya sa kafaɗar Jericho a gaba yana murɗawa, Jericho ya kare kambunsa. Wasa ne mai tsafta, amma gajere, kuma akwai wuri ɗaya ko biyu da ƙafafunsu ba su daidaita ba. Na biyu, Tazz da Bradshaw da Faarooq a kan ƙungiyar Right to Censor, cike gurbi ne kawai. Haka wanda Chyna ta karɓe kambun mata daga hannun Ivory cikin ƙasa da minti uku. Eddie Guerrero ya ƙwace kambun Turai daga Test a wasan da aka fi tunawa da yadda ƙafar Test ta maƙale a igiyar dandali har sai da aka taimaka aka cire ta.

Wanda ya ɗan fita daban shi ne na kambun Hardcore tsakanin Raven da Kane da Big Show, wanda babu doka a cikinsa kuma ana iya cin wasa a ko'ina. Sun bar dandali sun shige bayan fage, an jefa Raven ta cikin tagar gilas, an yi tsere da ƙananan motocin filin golf, daga ƙarshe Kane ya diro daga kan dakalin shigowa ya ci. Babu wata gwaninta ta kamu a ciki, raha ce da ɓarna, kuma ya yi aikin da aka sa shi.

Angle da Benoit

Nan ne taron ya fara nuna ajinsa. Kurt Angle ya ci lambar zinare ta kokawa a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, Chris Benoit ɗan Kanada kuwa ya goge a Japan. Mintunan farko suka yi su a ƙasa, kamu da kuɓucewa irin na kokawar gaske, babu naushi babu tsalle, jama'a kuma suka riƙa tafa musu, abin da ba kasafai 'yan kallon WWF na lokacin ke yi wa irin wannan salo ba. Labarin wasan a bayyane yake: mai lambar zinare ya ga ana neman fin sa a fagen da yake taƙama da shi, sai ya fara kai naushi. Daga nan kowa ya riƙa aron makamin ɗan'uwansa, Benoit ya murɗe idon sawun Angle, Angle ya shaƙe Benoit da nasa kamun. Angle ya buga ƙasa alamar miƙa wuya lokacin da alƙalin wasa ke kwance bai gani ba, sannan ya ci ta hanyar naɗe Benoit yana riƙe da wandonsa. Minti goma sha huɗu aka yi, Meltzer ya ba shi tauraro huɗu da kwata. Ƙarshen ya zo da gaggawa, domin an tanadi ci gaban rigimar zuwa watanni masu zuwa. WWE ba ta tallata wannan wasa yanzu, saboda a 2007 Benoit ya kashe matarsa da ɗansa sannan ya kashe kansa.

Uba da ɗa

Vince McMahon, mai kamfanin, ya kara da ɗansa Shane, Mick Foley na alƙalanci. Babu ɗayansu da kokawa ce sana'arsa, kuma hakan ya nuna a naushin da suke kaiwa. Wasan kwaikwayo ne tsantsa: a labarin, Vince ya sa an dusashe hankalin matarsa Linda da magunguna tana zaune a keken guragu, Shane kuma ya riga shi sayen WCW. Da Linda ta miƙe tsaye cikin dandali ta shuri mijinta a gaba, ihun da filin ya ɗauka yana cikin mafi ƙarfi a daren. Shane ya rufe da tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya doki kwandon shara na ƙarfe da ke jingine a fuskar mahaifinsa. Wanda ke neman fasaha ba zai samu a nan ba, amma wajen biyan bashin labarin da aka daɗe ana ja, wasan bai bar komai ba.

Tebur, tsani da kujera

Wasan kambun 'yan bibbiyu shi ne mafi yawan masu sharhi suka ɗauka a matsayin gwarzon dare. An rataye bel biyu a saman dandali, wanda ya hau tsani ya ciro su ya ci, kuma an halatta duka da tebur da kujera. Ƙungiyoyi uku ne: Dudley Boyz masu riƙe da kambu, 'yan'uwa Matt da Jeff Hardy, sai Edge da Christian. Karo na uku ke nan da suka haɗu a irin wannan wasa, bayan WrestleMania ta 2000 da SummerSlam ta wannan shekarar, kuma sanin juna ya nuna. Cikin kusan minti goma sha shida da wuya a sami daƙiƙar da ba a yin wani abu, alhali kowace faɗuwa tana buƙatar a jera tebura tun da wuri ba tare da mai kallo ya lura ana shiri ba. Wannan shi ne ainihin gwanintar wasan, fiye da tsallen kansa.

Kowace ƙungiya ta sami mai kawo ɗauki, Spike Dudley da Lita da Rhyno. Jeff Hardy ya diro daga dogon tsani a wajen dandali ya ratsa tebura da Spike da Rhyno. Daga baya yana lilo a jikin bel ɗin bayan an janye tsanin ƙarƙashinsa, Edge ya taso daga wani tsanin ya cafke shi a sama suka faɗo tare, hoton da WWE ke maimaitawa har yau. Rhyno ya ture tsanin da Matt Hardy da Bubba Ray Dudley ke kai, suka faɗa kan tebura huɗu da aka ɗora a waje, sannan ya ɗauki Christian a wuya ya hau da shi ya ciro bel. Meltzer ya ba shi tauraro huɗu da kwata uku, masu karanta mujallar Pro Wrestling Illustrated kuma suka zaɓe shi wasan shekara. Sukar da ake masa ita ce ya ɗaga mizanin kasada zuwa inda jiki ba zai iya bi ba. Edge kansa ciwon wuya ne ya tilasta masa ajiye kokawa a 2011, sai 2020 ya dawo.

Bayan wannan aka sako tsofaffin taurari goma sha tara cikin shigarsu ta da, Gene Okerlund da Bobby Heenan na sharhi. Shigowarsu ta fi wasan tsawo. Iron Sheik ne ya ci. Manufar ita ce jama'a su huta su yi dariya kafin manyan wasanni biyu.

Undertaker da Triple H

Ƙungiyar mawaƙa ta Motörhead ce ta raka shigowar Triple H da kiɗa kai tsaye, Undertaker kuwa ɗan Houston ne, a gida yake. Dambe ne na kimanin minti goma sha takwas wanda ya fantsama cikin 'yan kallo har kan dakalin masu ɗaukar hoto, inda Undertaker ya jefo abokin karawarsa ƙasa. Lokacin da ya fi tsayar da numfashi shi ne da Undertaker ya ɗaga Triple H sama, shi kuma ya sauke masa guduma a ka, amma ƙirgen alƙali bai kai uku ba, wato adadin da ake ƙirgawa kafaɗun mutum na danne a ƙasa kafin a ci shi. Aibin wasan sananne ne: alƙali ya kwanta sumamme na tsawon lokacin da hankali ba zai ɗauka ba, don kawai a samu damar yawo a waje. Nasarar ita ce ta tara a jere da Undertaker ya samu a WrestleMania, jerin da ya kai 21 kafin Brock Lesnar ya katse shi a 2014, ko da yake a 2001 ba a fara yayata shi sosai ba.

Austin da The Rock

Babban wasan dare ya haɗa taurari biyu mafi farin jini a kamfanin. The Rock ya karɓi kambun WWF daga Angle a watan Fabrairu. Steve Austin, ɗan Texas, ya dawo daga tiyatar wuya ya ci Royal Rumble a Janairu, wasan 'yan kokawa da yawa da ke ba mai nasara damar neman kambu a WrestleMania, kuma labarin da aka gina shi ne yana buƙatar kambun ko ta halin ƙaƙa. Ana dab da farawa aka sanar cewa babu korar kowa saboda karya doka. Minti ashirin da takwas suka yi da sauri irin na gajeren wasa, dukansu jina-jina. An cusa tarihi a ciki ga mai lura: musayar kamun Sharpshooter na tuna karawar Austin da Bret Hart a 1997, Austin ya koma ga tsohon kamun shaƙewa da ya fara da shi a kamfanin, kowa kuma ya yi amfani da makamin ɗan'uwansa. Duk abin da Austin ya jefa, The Rock sai ya ɗaga kafaɗa kafin uku, ana ganin Austin yana ƙara fita hayyacinsa.

Sai Vince McMahon, wanda Austin ya shafe shekaru uku yana gaba da shi, ya fito ya janye The Rock daga kan Austin ana tsakar ƙirge, ya miƙa wa Austin kujera. Austin ya yi ta sauke ta a jikin The Rock fiye da sau goma sannan ya danne shi. Suka yi musabaha da Vince, suka sha giya tare, Jim Ross yana ihu cewa Austin ya gaisa da Shaiɗan. Meltzer ya ba wasan tauraro huɗu da rabi.

A kan wasan kansa babu jayayya sosai, a kan ƙarshensa ne ake sa-in-sa. Nufin shi ne jama'a su tsani Austin, amma mutanen Texas suka ci gaba da yi masa tafi, domin ɗan gida ya ci kambu. The Rock ya tafi ɗaukar fim na wasu watanni, babu wani jarumi mai nauyinsa da zai tsaya gaban sabon mugun, kuma kafin ƙarshen Nuwamba 2001 an mayar da Austin ɓangaren da jama'a ke so. Shi kansa ya sha faɗa daga baya cewa da zai sake, da bai juya a daren ba. Sun sake haɗuwa da The Rock a WrestleMania ta 2003, The Rock ya ci, kuma Austin bai ƙara yin wasa ba sai a 2022.