Haɗa hot rod da ɗan kuɗi kaɗan: tambayoyin da na gaji da maimaita amsarsu

Tun da na fara maganar tsofaffin motocin Amurka, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mece ce hot rod?

Tsohuwar motar Amurka ce, galibi Ford ta shekarun 1920 da 1930, da aka rage mata nauyi aka ƙara mata ƙarfin inji. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka faro abin a shekarun 1930, suna tsere a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage. Motocin da masu kuɗi suka yar suke tsinta.

Ford ta 1932 nake so. Ina zan samu da arha?

Babu. Kowa ita yake so, domin a shekarar ne Ford ta fara saka injin V8 (mai silinda takwas) mai ƙarfin doki 65 a motar da talaka zai iya saya. Nemi Ford Model A, wadda aka ƙera sama da miliyan 4 daga ƙarshen 1927 zuwa 1931, ko a-kori-kura, ko mai ƙofa huɗu da mutane ke rainawa. Akwai kuma T-bucket, sabon bodin faiba mai siffar tsohuwar Ford Model T.

Wane launi ya fi dacewa?

Haba ɗan'uwa! Motarka ba ta tashi ba, birki babu, kana zancen fenti? Fenti shi ne na ƙarshe. Na ga waɗanda suka zuba rabin kuɗinsu a fenti da tayoyi masu ƙyalli, yau shekara da shekaru motar na kan bulo an lulluɓe ta da tamfol.

Na ga wata tsohuwa mai arha, amma ta yi tsatsa. In saya?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce maka e ko a'a ba sai na san abu uku: inda tsatsar take, ko ka iya walda, da kuma ko motar na da takardu.

Tsatsa iri-iri ce. Wadda ta tsaya a saman ƙarfe, ja-ja kamar ƙasa, takardar yashi ma tana cire ta, kada ta tsorata ka. Wadda ta huda ƙasan ƙofa ko inda ake taka ƙafa, ana yanke wurin a liƙa sabon ƙarfe, kuma ga irin su Model A har yau ana sayar da sababbin falle-fallen bodi. Idan kai za ka yi waldar, kuɗin ba yawa, lokacinka ne zai tafi. Idan biyan mai walda za ka yi, motar nan mai arha tana iya zarce wadda ka gudu saboda tsada.

Shasi kuwa wata magana ce daban. Shiga ƙarƙashin motar da tocila da sukundireba, ka riƙa caka ƙarfen, musamman inda sifirin ya kama da inda akwatin sitiyari yake ɗaure. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɓus, ɓawon tsatsa ya zubo maka a fuska. Idan sukundireba ta shige, ni dai ba zan ɗora V8 a kai ba. Amma ko a nan ba lalle ka gudu ba: idan bodin na da kyau kuma farashin ya faɗi sosai, ana sayen sabon shasi ko a haɗa shi da ƙarfe mai kusurwa huɗu, muddin gwani ne zai yi waldar, ba mai koyo ba. Ka riƙe ƙaramin maganaɗisu ka bi bodin da shi. Inda ya ƙi kamawa, foti aka cika aka shafe da fenti.

Sai takardu. A Amurka kowace jiha da dokarta kan rajistar tsohuwar mota ko haɗaɗɗiya, kuma wadda ba ta da takardar mallaka tana iya zame maka ƙarfen ajiya. Idan motoci biyu ne a gabanka, ɗaya a cike da kayanta, ɗaya a kwance cikin kwalaye, ɗauki cikakkiyar ko da ta fi tsada. Ƙananan abubuwa irin su mariƙin ƙofa da firam ɗin gilashi su ne suke cinye aljihu a hankali.

Dole sai flathead, wato injin V8 na Ford na asali?

A'a. Yana da kyan gani da daɗin ƙara, amma yana yawan zafi, bulok ɗinsa na tsagewa, kuma Ford ta daina saka shi a Amurka tun 1953. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi injin V8 na Chevrolet da ake kira small block, wanda ya fito a 1955, musamman 350 mai lita 5.7, da giyabos TH350. Kayan gyaransa ko'ina. Injin LS, V8 na zamani na Chevrolet, mai lita 5.3 daga motocin da suka yi haɗari shi ma yana da arha, sai dai wayoyi da kwamfutarsa za su ba ka aiki. Masu tsattsauran ra'ayi za su yi ƙorafi wai ka saka injin Chevrolet a cikin Ford. Ƙyale su, kuɗinka ne.

Zan iya barin birkin asali?

Kada ka kuskura. Sai 1939 Ford ta koma birki mai amfani da mai. Kafin nan sanduna ne da waya. Saka birkin faifai a gaba, da masta (famfon man birki) mai layi biyu, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da kai. Nan ba wurin tsimi ba ne, akwai ran mutane a hanya.

Ban iya komai ba, zan iya kuwa?

Za ka iya, kwantar da hankalinka. Yawancin waɗanda suka fara abin nan a bayan gida suka koya. Ka koyi walda a kan tarkacen ƙarfe tukuna, sitiyari da shasi kuma ka kai wa gwani.

Mu a nan fa? Zan iya yi da Peugeot 504?

Model A ba ta yawo a Kofar Ruwa ko Panteka, wannan gaskiya ne. Amma 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970 tana nan, kuma kayanta na samuwa. Sai dai ƙaramar 504 ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da nauyin komai, don haka cusa mata V8 ba ƙaramin aiki ba ne. Gyara injinta, kafireto, lagireto da birki, ka more ta.

Wata nawa zai ɗauka?

Ka ƙidaya da shekaru. Ka raba aikin kashi-kashi, kada ka kwance abin da ba ka da kuɗin mayarwa a watan, kuma kowane noti da ka cire ka saka shi a leda ka rubuta inda ya fito.