Rarraba Faifai da Isa ga Na'urori a Manhajar DOS

Rarraba faifai shi ne yanka babban faifan ajiya guda zuwa kaso-kaso, kowane kaso manhaja ta ɗauke shi tamkar faifai mai zaman kansa. A kwamfutocin IBM tsarin ya fara ne a Maris 1983, lokacin da PC/XT ta fito da faifai mai megabayit 10 tare da PC DOS 2.0, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Kafin nan DOS fulofi kawai ta sani, wato ƙaramin faifan da ake sakawa a cire, shi kuwa fulofi ba a raba shi.

A tsarin DOS, babban bayanin rabon yana zaune a sekta (ɗan yankin ajiya) ta farko ta faifan, wadda ake kira MBR, mai bayit 512. Bayit 446 na farko ƙaramin shirin tayar da kwamfuta ne. Sai bayit 64 na jadawalin kaso, sannan bayit 2 na hatimi, 55 da AA a lissafin gindin 16. Jadawalin gurbi huɗu gare shi, kowanne bayit 16, kuma daga nan ne iyakar nan ta kaso huɗu ta samo asali. A cikin kowane gurbi, bayit na farko yana nuna ko kason ne ake tashi daga gare shi: 80 na nufin e, 00 na nufin a'a. Bayit uku suna faɗin inda ya fara, uku inda ya ƙare, ɗaya yana faɗin nau'insa, ragowar takwas kuma lambar sektar farko ce da adadin sektocin. Lambar nau'i 01 ta FAT12 ce, 04 ta FAT16 da ta zo da DOS 3.0 a 1984; FAT shi ne jadawalin da DOS ke riƙe wuraren fayiloli a cikin kaso. Jadawalin nan kamar takardar filaye yake: idan ya lalace bayanan suna nan a faifai, sai dai babu mai sanin iyakar kowa.

Da an kunna kwamfuta, BIOS, shirin da ke manne a cikin injin tun daga kamfani, yana ɗauko MBR ya ajiye ta a adireshi 7C00 na ƙwaƙwalwa, ya miƙa mata ragama. Shirin da ke cikin MBR ɗin ya kwashe kansa zuwa 0600, ya duba gurbin da ke da alamar 80, ya ɗauko sektar farko ta wannan kaso. Idan gurbi biyu suka ɗauki alamar tare, allo zai nuna "Invalid partition table". Idan sektar da aka ɗauko ba ta da hatimi, sai "Missing operating system", wanda galibi ke nufin an raba faifan amma ba a tsara kason ba.

Shirya sabon faifai mataki uku ne, kuma ba a tsallake tsarinsu. Da farko tsarawar tushe, wadda ke shata sektoci a kan faifan; a katunan Western Digital da yawa ana shiga shirin DEBUG na DOS a rubuta G=C800:5. Sai FDISK don yanka kaso da zaɓar na tashi, a sake kunna kwamfutar domin DOS ta karanta sabon jadawalin. Daga ƙarshe FORMAT C: /S, wanda ke gina FAT ya kwafa fayilolin tashi.

BIOS yana isa ga faifai ta kiran da ake ce wa INT 13h, da lambobi uku: silinda (zagayen layi a faifan), kai (hannun da ke karanta fuskar faifan) da sekta. Silinda da kai daga 0 ake ƙirga su, sekta kuwa daga 1, abin da ya sha jefa masu rubuta shiri cikin kuskure. Faifan XT silinda 306 gare shi, kai 4, sekta 17 a kowane layi. Fulofi na farko lambarsa 00, babban faifai na farko 80. Silinda bit 10 kawai aka ware mata, wato 1024, sekta bit 6, wato 63. Da aka haɗa wannan da iyakar kai 16 ta faifai nau'in IDE, sai aka tsaya cak a bayit miliyan 528.

Ita DOS tata iyakar ta riga wannan zuwa. Da bit 16 take ƙirga sektocin kaso, kuma sekta 65,536 sau bayit 512 megabayit 32 ne. Mai faifan megabayit 40 dole ya raba shi. DOS 3.3 ta 1987 ta sauƙaƙa haka da faɗaɗɗen kaso mai lamba 05, wanda a cikinsa ake jera ƙananan kaso, kowanne da nasa ɗan jadawalin da ke nuna wanda ke biye da shi. Sarka ce, shi ya sa lalacewar sekta ɗaya a tsakiya ke ɓatar da duk na bayanta. Compaq DOS 3.31 da DOS 4.0 ta 1988 su suka kawar da iyakar da nau'i 06.

Mai amfani haruffa yake gani. A: da B: na fulofi ne ko da inji ɗaya aka saka, C: na kason farko. DOS tana fara bai wa babban kaso na kowane faifai harafi kafin ta waiwayi ƙananan, don haka ƙara faifai na biyu yakan mayar da tsohon D: ya koma E:, shirye-shiryen da aka girka su daina ganin fayilolinsu. Maganin shi ne a yi wa sabon faifan faɗaɗɗen kaso kaɗai. Sauran na'urori sunaye suke da su: CON na allo da madannai, PRN na firinta, AUX na mashigar siriyal, da NUL mai haɗiye duk abin da aka tura masa. Waɗanda DOS ba ta sani ba ana ɗora direbansu, wato shirin da ke sarrafa su, da layin DEVICE= a fayil ɗin CONFIG.SYS.

Ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stoned ta 1987 a MBR take ɓuya, kuma FORMAT ba ya taɓa wannan sekta. Daga DOS 5.0, umarnin FDISK /MBR yana sake rubuta shirin tashi ya bar jadawalin yadda yake.